Yadda Ake Warware Rikicin Na'urori Bayan Sanya Katin Netwok a Tsohuwar Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa buɗe cikin tsohuwar kwamfuta domin ya ƙara mata katin netwok ya san cewa soka katin a gurbinsa ba shi ne wahala ba. Ainihin aikin yana farawa ne bayan an mayar da murfi an kunna wuta. Wani lokaci kwamfutar takan ƙi tashi gaba ɗaya, wani lokaci ta tashi amma sauti ya ɗauke, ko linzami ya daskare a tsakiyar allo, ko kuma katin ya nuna cewa lafiyarsa ƙalau alhali ko saƙo ɗaya bai shigo ta cikinsa ba. A nan ne mutane da yawa suke yanke hukuncin cewa katin ya mutu, su jefar da shi su nemo wani, shi ma ya yi musu irin abin da na farko ya yi. Galibi kuwa ba abin da ya sami katin, illa dai ya tarar da wata na'ura zaune a wurin da yake so ya zauna.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, wurare uku ne suke ajiye lambobin da katin yake aiki da su: jikin katin kansa, da saitin BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfutar kafin Windows), da kuma direban da ke cikin manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, wato 'yar manhajar da take sarrafa katin. Muddin bakin waɗannan ukun bai zo ɗaya ba, katin ba zai yi aiki ba, ko da kuwa sabo ne fil. Duk matakan da za su biyo baya hanyoyi ne na gano wanne daga cikin ukun ya saɓa wa sauran.

Abin da na'urorin suke rikici a kai

Na farko shi ne layin kira, wanda ake rubutawa IRQ. Duk lokacin da saƙo ya iso wa katin, sai ya ja wannan layi domin farosesa, wato guntun da ke aiwatar da umarni a kwamfutar, ta dakatar da abin da take yi ta saurare shi. Tsarin da kwamfutocin nan suka gada daga IBM AT ta shekarar 1984 layuka 16 kacal yake da su, daga 0 zuwa 15, kuma an rabar da mafi yawansu tun kafin ka zo da naka katin. Lamba 0 ta agogon tsarin ce, 1 ta kibod, 6 ta na'urar fulofi, 8 ta agogon da ke riƙe kwanan wata, 13 ta mataimakiyar farosesa wajen lissafi, 14 da 15 kuma na hanyoyi biyu na IDE da faifan ajiya da na'urar CD suke bi. Lamba 4 ta mashigar COM1 ce, 3 ta COM2 (mashigai biyu da ake jona modem ko tsohon linzami), 7 ta mashigar firinta, 12 ta linzami irin na PS/2, sannan 5 yawanci katin sauti ne yake kama ta. Idan aka cire waɗannan, abin da ya saura bai wuce 9 da 10 da 11 ba. Ita ma 9 ɗin tana da nata sharaɗi, domin a haɗe take da 2, saboda haka tsohon katin da aka saita a kan 2 a zahiri a kan 9 yake magana, kuma 9 ɗin za a gaya wa direbansa.

Na biyu shi ne adireshin shiga da fita, wato ƙofar da farosesa take bi ta aika wa katin umarni ta kuma karɓi amsa. Ana rubuta waɗannan adireshi da lissafin da ke ƙirga sha shida-sha shida, shi ya sa za ka ga haruffa daga A zuwa F a gauraye da lambobi. COM1 tana zaune a 3F8, COM2 a 2F8, mashigar firinta a 378, katin sauti irin na Sound Blaster a 220, sashen kiɗan MIDI ɗinsa kuma galibi a 330. Katunan netwok masu bin tsarin tsohon katin nan mai suna NE2000 sukan fito daga masana'anta a saite a 300.

Akwai wani abu a nan da ya cancanci a tsaya a kansa, domin yakan ruɗar da ma waɗanda suka daɗe a aikin. Lambar da ake rubutawa farkon fili ce kawai, ba dukan filin ba. Katin NE2000 yana cin adireshi 32 a jere, saboda haka idan aka saita shi a 300 ya mamaye har zuwa 31F, idan kuma a 320 ne ya kai 33F, ya haɗiye 330 ɗin da katin sauti yake amfani da shi. Wanda ya fi kowanne sharri shi ne 360, domin yana miƙewa har 37F, ya taka 378 na firinta, ya kuma taka 376 da hanyar IDE ta biyu take amfani da shi. Na taɓa shafe yini guda a kan wata tsohuwar Pentium da firintarta take fitar da tarkacen haruffa tun ranar da aka haɗa ta da netwok. Na canza wayar firinta, na sake direbanta har sau biyu, sai da yamma na kunna manhajar saitin katin na ga 360 a rubuce. Mayar da shi 300 bai ɗauki minti biyu ba, firintar ta dawo daidai.

Na uku da na huɗu ba su cika tayar da hankali ba. Akwai hanyoyin DMA guda takwas, da na'ura take bi ta kai bayanai ƙwaƙwalwar ajiya ba tare da farosesa ba, waɗanda yawancin katunan netwok ba sa buƙata, sai kuma wani yanki na ƙwaƙwalwar ajiya da wasu katunan suke aro, wanda zan dawo kansa a gaba.

Kafin ka taɓa sukurdireba

Mataki na farko ana yin sa ne tun katin yana cikin ledarsa. Ka kunna kwamfutar yadda take, ka ɗauki takarda da biro, ka rubuta wace na'ura ce take kan wace lamba. A Windows 95 da 98, ka shiga Control Panel, ka buɗe System, ka zaɓi Device Manager, sannan ka danna kalmar Computer da ke can sama sau biyu. Za ta jero maka layukan kira da adireshi da mai kowannensu. A Windows 2000 da XP, ka rubuta devmgmt.msc a akwatin Run, ka shiga View ka zaɓi Resources by type. Idan DOS ce zalla, wato tsohuwar manhajar da ake rubuta wa umarni da hannu, umarnin MSD yana ba da wani abu, amma kada ka dogara da shi ɗari bisa ɗari, domin tsofaffin katunan ISA, wato masu shiga dogon baƙin gurbi, ba sa sanar da kansu. Hanya mafi tabbas ta sanin inda katin sauti yake ita ce ka buɗe fayil ɗin AUTOEXEC.BAT ka nemi layin da ya yi kama da SET BLASTER=A220 I5 D1, wanda ma'anarsa adireshi 220, layin kira 5, hanyar DMA ta 1.

Wannan takarda ita ce za ta cece ka daga baya, kuma a kanta za ka riƙa rubuta duk canjin da ka yi. Ina ba da shawara da babbar murya cewa kada a canza abu biyu a lokaci guda, domin wanda ya sauya gurbi, ya taɓa BIOS, ya kuma sake direba duk a zama ɗaya, ko da kwamfutar ta gyaru bai san abin da ya gyara ta ba, idan kuma ta ƙara lalacewa bai san inda zai koma ba.

Daga nan sai ka tantance irin katin da ke hannunka. Gurbin ISA dogo ne baƙi, na PCI kuwa, wanda Intel ta fito da shi a 1992, gajere ne fari, haƙoransa kuma sun fi ƙanƙanta da matsewa. Ka dubi babban guntun da ke tsakiyar katin ka rubuta lambar da ke jikinsa, domin sunan da aka buga a kwali sau da yawa ba ya nuna komai. RTL8019 na Realtek da 3C509 na 3Com katunan ISA ne; RTL8029 da RTL8139 da 3C905 da dangin Intel PRO/100 na PCI ne. Idan kwamfutar tana da gurbin PCI da ba kowa a ciki, kuma kana da zaɓi, to ka ɗauki na PCI, domin ka raba kanka da rabin wahalar da za a bayyana a ƙasa.

Sanya katin

Ka kashe kwamfutar ka kuma zare wayar wuta daga bango, domin injinan wuta irin na ATX suna ci gaba da ba madabod, wato babban allon da ake soka katuna a kansa, 'yar wuta ko bayan an kashe, kuma soka kati a wannan hali yana iya ƙona shi. Ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka domin ka sauke wutar da jiki yake tarawa, ka riƙe katin ta gefensa, kada yatsa ya taɓa haƙoran. Idan haƙoran sun dusashe, ka goge su a hankali da farar robar goge fensir har ruwan zinarensu ya fito, ka hure ƙurar da ke cikin gurbin, sannan ka danna katin daidai wa daida har ya zauna. Ka sake dubansa bayan ka ɗaure sukurun, domin a tsofaffin akwatuna da suka ɗan lanƙwashe, ɗaure sukuru yakan ɗaga ƙarshen katin na baya ya fito daga gurbi ba tare da an lura ba.

Idan ka kunna allo ya tsaya baƙi, ka kashe ka cire katin ka sake gwadawa. In ta tashi babu shi, to ka mayar da shi wani gurbin dabam. In ta ƙi a kowane gurbi, ka dubi tsagar da ke haƙoran katin PCI: tsagar da ta yi nisa da ƙarfen baya ta katin wuta bolt 5 ce, wadda ta yi kusa da shi ta bolt 3.3 ce, mai tsaga biyu kuma yana shiga kowanne. Sai dai wasu katunan baya-bayan nan suna buƙatar madabod ta ba su bolt 3.3 ko da sun shiga gurbin, alhali madabod da dama na tsakiyar shekarun 1990 ba sa bayarwa. Wannan ba rikicin lambobi ba ne, kuma babu saitin da zai magance shi, sai dai a nemo katin da ya yi zamani ɗaya da kwamfutar.

Idan katin ISA ne

A nan ne aikin ya fi yawa, saboda a tsarin ISA na'urori biyu ba sa iya tarayya a layin kira ɗaya. Katunan iri uku ne. Mafi tsufa suna da 'yan hulunan roba da ake kira jampa, waɗanda ake ɗorawa a kan ƙananan ƙusoshi, kuma yawanci an buga jadawalin lambobin a jikin katin da farin rubutu. Na biyu ba su da jampa, ana saita su ne da wata 'yar manhaja da take rubuta lambobin a cikin katin, kamar 3C5X9CFG ga katin 3Com ko RSET8019 ga na Realtek. Na uku su ne masu saita kansu, wato PNP, waɗanda suka yawaita daga zamanin Windows 95, kuma wasunsu ana iya kashe musu wannan hali a mayar da su na hannu.

Ka duba takardarka ka zaɓi layin da ba kowa a kai. Ni dai 10 nake fara gwadawa tare da adireshi 300, sannan 11 idan 10 tana da mai ita. Ka tuna cewa katin da ke da gajerun haƙora sashe ɗaya, wato mai bit 8, ba ya kaiwa ga 10 da 11, saboda haka zaɓinsa bai wuce 2 da 3 da 4 da 5 da 7 ba. Yawancin katunan NE2000 a kan 3 suke zuwa, ita ce kuma lambar COM2, shi ya sa modem ko linzamin da ke wannan mashigar yake tsayawa cak da zarar netwok ya fara aiki.

Manhajar saitin a cikin DOS zalla ake kunna ta, ba a tagar DOS da ke cikin Windows ba. Ka danna F8 lokacin da kwamfutar take tashi, ka zaɓi Safe mode command prompt only, domin kada wani direba ya riga ka kama katin. Bayan ka rubuta sababbin lambobin ka adana, ka kunna gwajin da ke cikin manhajar, musamman gwajin layin kira, sannan ka kashe kwamfutar gaba ɗaya ka sake kunnawa.

Mataki na gaba shi ne wanda aka fi mantawa da shi. BIOS ba ta san da zaman katin da aka saita da hannu ba, saboda haka tana iya ɗaukar lamba 10 ɗin nan ta ba katin hoto ko mashigar USB. Ka shiga BIOS ta hanyar danna Del, ko F2, ko F1, ko F10, gwargwadon abin da allon farko ya nuna, ka nemi shafin PNP/PCI Configuration. A BIOS irin ta Award, ka mayar da Resources Controlled By daga Auto zuwa Manual, ka gangara zuwa layin da ka zaɓa ka sa shi a Legacy ISA. Da wannan ka gaya wa kwamfutar cewa wannan layi yana da mai shi, kada a ba kowa.

Idan duk layukan sun cika, sai a ƙwato ɗaya daga hannun wanda ba ya amfani da shi. A shafin Integrated Peripherals kana iya kashe mashigar COM2 ka sami 3, ko COM1 ka sami 4, ko mashigar firinta ka sami 7, ko hanyar IDE ta biyu ka sami 15 idan ba abin da ke jone da ita. Ka kashe guda ɗaya tak, wanda ka tabbata ba a amfani da shi, ka kuma rubuta a takarda.

Sai kuma na uku cikin wuraren da suke ajiye lambobin, wato direba. A Windows 95 da 98, ka buɗe bayanan katin a Device Manager, ka shiga shafin Resources, ka cire alamar da ke kan Use automatic settings, ka danna Change Setting, ka shigar da ainihin lambobin da ka rubuta a cikin katin. Wajibi ne a fahimci cewa canza lamba a nan ba ya canza komai a jikin katin mai jampa. Kana dai gaya wa Windows inda za ta same shi ne. Alamar saɓanin nan sananniya ce: idan adireshi ne ba daidai ba, direban zai ce bai ga katin ba sam, amma idan layin kira ne ba daidai ba, komai zai nuna lafiya, katin ya aika saƙo, amsa ta dawo, shi kuma ya yi ta kira a layin da ba mai saurare. Duk wanda ya ga katinsa yana aikawa ba ya karɓa, to ya fara da duba wannan lamba.

Game da aron ƙwaƙwalwar ajiya da na ambata, wasu katunan Western Digital da SMC, da duk katin da aka sa wa guntun tayar da kwamfuta ta netwok, suna amfani da wani yanki tsakanin C8000 da DFFFF. Idan EMM386, manhajar DOS da ke rabon ƙwaƙwalwar ajiya, tana aiki, za ta iya zuba wasu manhajoji a wannan yanki, kwamfutar ta riƙa daskarewa ba gaira ba dalili. Maganin shi ne a ware yankin a fayil ɗin CONFIG.SYS, a ƙara X=D000-D3FF a ƙarshen layin EMM386 idan katin yana D0000 kuma kilobait 16 yake ci, sannan a kashe saitin da ake kira Shadow na wannan yanki a BIOS.

Idan katin PCI ne

An tsara PCI ne ta yadda na'urori za su iya tarayya a layi ɗaya, saboda haka ganin katin netwok da mashigar USB a kan lamba guda ba laifi ba ne a karan kansa. A Windows 2000 da XP ma, idan kwamfutar tana bin tsarin ACPI, wanda ke barin Windows ta yi rabon da kanta, za ka iya ganin na'urori biyar ko shida a jere a kan 9 ko 11, kuma haka aka nufa. Kada ka ɓata lokacinka wajen ƙoƙarin raba su. Haka nan rubutun IRQ Holder for PCI Steering da ke fitowa a Windows 98 ba na'ura ba ce, alama ce kawai cewa an ware wannan layi domin PCI. Tarayyar tana zama matsala ne a hali biyu: idan ɗaya daga cikin direbobin tsoho ne da bai iya zaman tarayya ba, ko kuma idan katin ISA ne ya shigo layin. Alamunta su ne sauti ya riƙa kakkatsewa yayin da ake kwafar fayil ta netwok, ko kwamfutar ta daskare idan aiki ya yi nauyi.

Kowane gurbin PCI an ɗaure shi da ɗaya daga cikin wayoyin kira huɗu tun daga masana'anta, kuma na'urori biyu da ke kan waya ɗaya tare za su riƙa tafiya duk lambar da ka ba su. Shi ya sa magani mafi sauƙi shi ne a cire katin a mayar da shi wani gurbi. Gurbin da ke maƙwabtaka da na katin hoto irin na AGP galibi waya ɗaya suke bi, don haka a guje shi, a fara gwada na biyu ko na uku. A wasu madabod na zamanin farosesa 486 kuma ba kowane gurbi ne yake barin kati ya tura bayanai da kansa zuwa ƙwaƙwalwar ajiya ba, alhali katuna irin su RTL8139 da 3C905 da haka suke aiki.

Bayan sauya gurbi, ka shiga BIOS ka mayar da Reset Configuration Data zuwa Enabled, domin ta share tsohon rabon da ta adana ta yi sabo. Da kanta za ta koma Disabled bayan tashi ɗaya. Idan har yanzu da saura, ka gwada sa PNP OS Installed a kan No, wanda zai sa BIOS ta raba wa kowa lambarsa da kanta, kuma wannan shi ne daidai ga DOS da Windows NT 4.0 da ba su iya rabon ba. BIOS ta Award tana nuna jadawalin na'urorin PCI da lambobinsu na ɗan lokaci kafin Windows ta fara tashi. Ka danna maɓallin Pause ka karanta shi a natse. Idan babu layin Network Controller a ciki, to madabod ba ta ga katin ba, kuma babu direban da zai taimaka.

Karanta abin da Windows take faɗa

Alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a jikin sunan katin a Device Manager tana tafe da lambar kuskure (ba ta layin kira ba), kuma lambar ce take da amfani. Lamba 12 tana nufin katin bai sami filin da zai zauna ba, wato rikicin da muke magana a kai ke nan. Lamba 28 tana nufin ba a sa direba ba. Lamba 10 tana nufin an sa direba amma katin ya ƙi tashi, wanda galibi direban wani katin ne aka ɗora masa. Domin tabbatarwa a XP, ka buɗe shafin Details ka karanta lambar shaidar katin: VEN_10EC ta Realtek ce, VEN_8086 ta Intel, VEN_10B7 ta 3Com, abin da ya biyo bayan DEV kuma shi ne samfurin.

Kwamfutar da ta daɗe tana aiki takan tara sunayen katunan da aka cire tuntuni, kuma direbobinsu suna iya ci gaba da ruɗa rabon. A Windows 95 da 98, ka tashe ta a Safe Mode ka buɗe Device Manager, a nan za ka gansu duka. Ka goge duk katin netwok da ke jerin, har da sabon, ka sake kunnawa domin ta gano shi daga farko. Idan madabod tana da nata netwok a jiki wanda ya lalace, ka kashe shi a BIOS kafin wannan.

Mai amfani da Linux aikinsa ya fi gajarta. Umarnin lspci zai nuna ko an ga katin PCI, fayilolin /proc/interrupts da /proc/ioports za su nuna rabon, dmesg kuma zai faɗi abin da direban ya tarar. Katin NE2000 na ISA ana gaya masa lambobinsa da hannu, kamar modprobe ne io=0x300 irq=10. Idan ƙidayar da ke gaban katin a /proc/interrupts ta tsaya a sifili alhali ana aika masa saƙo, layin kiran ne ba daidai ba.

Gwajin ƙarshe

Ka jona waya ka dubi 'yar fitilar da ke bayan katin. Idan ba ta kama ba, matsalar ta waya ce ko ta mashigar da aka zaɓa, domin katunan da ke da baki biyu, na wayar netwok da aka saba da kuma zagayayyen bakin BNC, wani lokaci sai an gaya musu wanda za su bi a cikin manhajar saiti. Yawancin katunan ISA megabit 10 kawai suke gudu, kuma idan na'urar da ke ɗaya ƙarshen ta kasa daidaitawa da su, sai a sa saurin da hannu.

Daga nan ka rubuta winipcfg a Windows 95 da 98, ko ipconfig a na bayansu. Za ka ga adireshin kwamfutar na netwok, wanda idan ya fara da 169.254 yana nufin kwamfutar ta nemi adireshi ba ta sami amsa ba, sai ta ba kanta. Mutane da yawa suna yin ping 127.0.0.1, wato umarnin da ke aika ɗan saƙo ya jira amsa, su ga amsa su ɗauka katin ya gyaru, alhali wannan gwaji ko kusa da katin ba ya zuwa, manhaja kawai yake dubawa. Gwajin gaskiya shi ne ka yi ping ga rauta, wato na'urar da ke haɗa gida da intanet, ko wata kwamfuta, sannan ka kwafi babban fayil ta netwok yayin da sauti yake tashi, kana motsa linzami, ka kuma tura shafi ɗaya zuwa firinta, domin rikicin layin kira ba ya bayyana sai na'urorin biyu sun yi magana a lokaci guda. Zan ƙara da jan kunne cewa Microsoft ta daina gyaran Windows 98 a 2006, na XP kuma a 2014, saboda haka irin wannan kwamfuta a bar ta a netwok na cikin gida a bayan rauta, kada a sake ta kai tsaye ga intanet.

Idan komai ya yi daidai yau, amma bayan an zare wuta na kwana ɗaya rikicin ya dawo, ka duba agogon kwamfutar. In kwanan wata ya koma shekarun baya, to batirin madabod ne ya mutu, BIOS ta manta da Legacy ISA da mashigar da ka kashe, ta koma rabonta na asali. A yawancin madabod batirin CR2032 ne mai kama da kwabo, ana zare shi da farce a sa sabo. A na zamanin 386 da 486 kuwa sau da yawa mai kama da 'yar ganga ne da aka liƙa da dalma, wanda yakan zubar da ruwa ya cinye layukan da ke kusa da shi, kuma shi wannan a cire shi ba tare da jinkiri ba. Bayan an canza batirin, sai ka ɗauko takardarka ka mayar da saitin ɗaya bayan ɗaya, ka naɗe ta ka manna a cikin murfin akwatin domin wanda zai buɗe kwamfutar nan gaba.